Katsalandan ne ko kangewa?

Tambaya: Malam, a darasin ƙwayoyin gado na ƙudan 'ya'yan itace, malaminmu ya ce idan zaren gado ya yi musanya a wuri ɗaya, yakan yi wa musanyar da ke kusa da shi "katsalandan". Kalmar ta dace kuwa?

Amsa: 'Yata, kin yi tambaya mai kyau. Katsalandan shi ne tsoma baki cikin sha'anin da ba a sa mutum ba, kuma akwai zargi a cikinta. Sai mu duba abin da ke faruwa a jikin ƙudan tukuna.

Ƙudan nan yana da zaren gado tagwaye huɗu, wato zaruruwan da ƙwayoyin gado, masu kai halittar iyaye ga 'ya'ya, ke jere a kansu. Ƙwayoyin da ke jere a zare ɗaya sukan tafi ga 'ya'ya tare, sai fa idan zare ya sarƙe da ɗan'uwansa lokacin da macen ke haɗa ƙwai, suka yi musanyar gutsure. A namijin ƙudan wannan musanya ba ta aukuwa. Gwargwadon nisan ƙwayoyi biyu, gwargwadon yawan rabuwarsu. Da wannan dabara Alfred Sturtevant, ɗalibin Thomas Hunt Morgan a Jami'ar Columbia ta Amurka, ya fitar da taswirar gado ta farko, mai nuna jerin ƙwayoyi a kan zare da nisan da ke tsakaninsu, a 1913. Rabuwa ɗaya cikin 'ya'ya ɗari ita ce ma'auni guda a taswirar.

To, ga inda kalmarki ta shigo. A ce ƙwayoyi uku ne jere a zare ɗaya, musanya na faruwa kashi 10 cikin ɗari tsakanin ƙwaya ta farko da ta biyu, kashi 20 tsakanin ta biyu da ta uku. Idan babu wadda ke shafar wata, lissafi ya nuna ya kamata musanyar biyu su faru tare a kashi 2. Amma idan aka ƙirga ƙudajen, sai a tarar ba su kai haka ba. Hermann Muller ya yi bayanin wannan a 1916: musanya ta farko tana rage yiwuwar wata a kusa da ita, kuma tasirin yana raguwa idan aka yi nisa.

Kin ga ke nan ba shiga sharo ba shanu ta yi ba, wuri ta tare. Shi ya sa na fi son "kangewa", daga "kange", wato tare hanya ko killace fili don kada wani ya shigo. Mai katsalandan daga waje yake zuwa ya tarar ana abu, wannan kuwa ita ta riga zuwa, kuma a kan zarenta take. Ki kai wa malaminku wannan shawara cikin ladabi, ki ji abin da zai ce.