Amsoshin tambayoyinku kan sarrafa XML da HTML

Tambaya: Ina haɗa manhajar da ke karɓar bayanai a tsarin XML. Wanne zan ɗauka tsakanin DOM da SAX?

Amsa: DOM da SAX hanyoyi biyu ne na karanta XML, tsarin da ke kewaye bayanai da alamomi (tags), kuma girman fayil ne zai raba gardama. DOM, wanda ƙungiyar W3C mai tsara ƙa'idojin yanar gizo ta fitar da matakinsa na farko a 1998, yana ɗora fayil ɗin gaba ɗaya cikin RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki ta na'ura, a siffar bishiya mai rassa, ka shiga ko'ina ka gyara. SAX kuwa daga sama zuwa ƙasa yake karantawa, yana sanar da kai buɗewar kowace alama da rufewarta, ba tare da ya riƙe abin da ya wuce ba. A burauza ka yi amfani da DOM, ka bar wa SAX manyan fayiloli.

Tambaya: Ina saka saƙonnin masu ziyara a shafina ta innerHTML, kuma komai yana tafiya lafiya, amma abokina ya ce in daina. Da gaskiyarsa?

Amsa: Da gaskiyarsa, ɗan'uwa, kuma wannan ɗabi'a ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk abin da ka miƙa wa innerHTML, wato hanyar JavaScript ta saka abu cikin shafi, burauza tana fassara shi a matsayin HTML, harshen gina shafukan yanar gizo, ba ta rarrabe rubutunka da na baƙo. Wasu suna kwantar da hankalinsu da cewa alamar script, mai ɗauke da umarnin JavaScript, ba ta aiki idan aka saka ta ta wannan hanya. Haka ne, amma mugu zai turo alamar img da adireshin hoton da babu shi, ya liƙa mata onerror, wato umarnin da ke gudana idan an samu kuskure, kuma da zarar hoton ya ƙi buɗewa sai umarninsa ya gudana a wayar duk wanda ya shigo shafinka, har ya aika buƙatu da sunan mai ziyarar. Wannan shi ake kira XSS. Ka koma textContent, wanda ke nuna rubutu yadda aka rubuta shi, ka gina sauran da createElement, mai ƙirƙirar alamomin HTML. Idan dole ne ka karɓi HTML daga waje, ka tace shi da DOMPurify, kayan aikin da ke cire umarni masu haɗari daga HTML. Kada ka yi gigin tacewa da regex (tsarin neman rubutu ta siffarsa) da ka haɗa da kanka, domin alamomin HTML suna shiga cikin juna ta hanyoyin da ba zai gano ba.

Tambaya: DOMParser bai nuna mini kuskure ba, alhali XML ɗina a lalace yake.

Amsa: Haka aka tsara DOMParser, kayan aikin burauza da ke mayar da rubutun XML zuwa DOM. Nemi alamar parsererror cikin abin da ya dawo maka da shi, bayanin kuskuren yana can.