Kare mai ɗingishi bayan tiyatar gwiwa: amsa

Ɗan'uwa, ka ce bara aka yi wa tsohon karenka tiyatar jijiyar gwiwa, ya warke, amma yanzu da safe ƙafar kan sage masa, har kana zargin aikin ne bai yi kyau ba. Na yi jinyar irin wannan, kuma a ganina da wuya laifin tiyatar ne. Aikinta shi ne ta hana gwiwa gocewa. Amosanin gaɓa kuwa galibi ya riga ya kama tun kafin jijiyar ta tsinke, domin a jikin kare ba kasafai take katsewa farat ɗaya ba, a hankali take lalacewa, guringuntsi na cinyewa. Ko tiyatar TPLO aka yi, wadda ake yanka ƙashi a ɗaure da ƙarfe, ciwon ba ya tsayawa, sai dai a rage masa gudu.

Ka lura da yadda yake tafiya. In ya tashi a sage amma ya ware bayan ya ɗan taka, amosani ne. In kuwa kwatsam ya ɗage ƙafar, ko kana jin ƙas-ƙas a gwiwar, wataƙila guringuntsin tsakanin ƙasusuwan ne ya yage, sai likitan dabbobi ya duba. Ɗaya ƙafar ma ka sa mata ido, sau da yawa ita ma jijiyarta kan tsinke daga baya.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne rage masa ƙiba, kuma nan masu karnuka ke da rauni, don tsohon kare ya iya roƙo da ido. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2002, an bi karnukan Labrador 48 tsawon rayuwarsu. Waɗanda aka rage wa kashi 25 cikin 100 na abinci sun fi sauran daɗewa da kusan shekara biyu, amosanin ma bai kama su da wuri ba. In ka shafa ba ka ji haƙarƙarinsa cikin sauƙi ba, ya yi nauyi.

Kada ka bar shi kwance yini guda, tsokar cinya za ta zube. Gajeren yawo kullum ya fi doguwar tafiya sau ɗaya a mako, iyo kuma ya fi duka. Ka shimfiɗa wani abu a kan tayil saboda santsi.

Magungunan rage zafi da kumburi irin su carprofen da meloxicam suna aiki, amma likita ne zai rubuta, a riƙa gwajin ƙoda da hanta. Man kifi na taimakawa, glucosamine kuwa, da ake sayarwa don lafiyar gaɓoɓi, ban ga abin a zo a gani ba. Akwai kuma allurar Librela ta wata-wata mai rage zafin amosani, ka tambayi likitanka ko ta dace da shi. Ibuprofen na mutane dai kada ka kuskura ka ba shi, yana jawo masa gyambon ciki ya taɓa ƙoda.