Shaidar FCC Ta Isa Shiga Kasuwar Turai?

Tambaya: Mun ƙera na'urar auna zafi mai aiki da Bluetooth, kuma ta samu shaidar FCC, wato hukumar kula da sadarwa ta Amurka. Za mu iya sayar da ita a Turai haka nan?

Amsa: A'a, malam. Tarayyar Turai na buƙatar alamar CE, mai nuna cewa kaya sun cika ƙa'idojinta, bisa dokarta ta kayan rediyo ta 2014. Za a gwada ƙarfin siginar, da kutsen da take yi wa wasu na'urori, da lafiyar mai amfani da ita. A zangon 2.4 GHz da Bluetooth ke amfani da shi, iyakar ƙarfin sigina a Turai miliwat 100 ce, ƙasa da ta Amurka. Iyakar SAR, wato yawan igiyar rediyo da jiki ke sha, ita ma ta bambanta: Amurka wat 1.6 a kilo, Turai wat 2.

Inda aka fi faɗuwa shi ne siginar da ke yoyo wajen zangonta, galibi saboda rashin matata a gaban eriya ko zanen allon lantarkin na'urar da bai yi kyau ba. Sayen guntun rediyo mai shaida na rage wahala, amma da zarar kun sa eriya mai ƙarfi fiye da wadda aka amince da ita, sai an sake gwaji.