Tambaya da Amsa: Me Ya Haɗa Tangaraho da Hasashen Yanayi?

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ɗana ya dawo daga makaranta yana cewa wai wayar tangaraho ce ta haifi hasashen yanayi a zamanin Turawan mulkin mallaka. To, me ya haɗa kifi da kaska? Daga wata mai karatu.

AMSA: Malama, gaskiyar yaronki. Tun kafin tangaraho akwai ma'aunin nauyin iska da na ruwan sama, sai dai kowa na gabansa kawai ya sani. In ka aika wasiƙa cewa ga guguwa nan tafe, ita za ta riga wasiƙar isa. Da waya ta zo, sai labari ya fi iska sauri.

A Birtaniya, bayan guguwar Oktoban 1859 ta farfasa jirgin ruwan Royal Charter, mutum fiye da 400 suka halaka, Robert FitzRoy, shugaban ofishin yanayi na gwamnati, ya fara buga wa tashoshin jiragen ruwa wayar gargaɗi a 1861, su kuma su ɗaga alama a kan sanda don matuƙa su gani. Indiya ma sai da masifa ta auku: guguwar 1864 ta kashe dubun dubatar mutane a yankin Kalkata, sannan a 1875 aka kafa hukumar yanayi a ƙarƙashin Henry Blanford. Kada ki ɗauka tausayin talaka ne zalla. Jiragen kaya da harajin amfanin gona suna cikin lissafi.

Ni wanda ya fi burge ni shi ne Charles Todd na Kudancin Ostireliya, domin shi ne shugaban tangaraho, shi ne kuma mai kula da yanayi. A 1872 ya kammala jan waya ta tsakiyar hamada har garin Darwin da ke arewacin ƙasar, wajen kilomita 3,000. Sai ya ɗora wa ma'aikatan tashoshin tangaraho ƙarin aiki: kowace safiya mutum ya fita ya duba ma'auni, ya ga inda iska ta dosa, ya dawo ya ƙwanƙwasa lambobin zuwa Adelaide, babban birnin Kudancin Ostireliya, can a zuba su a taswira. Waɗannan akawunan, da ba a cika ambatonsu ba, su suka ɗauki nauyin aikin.

Bayan farin da ya afka wa Indiya a 1877, Blanford ya tuntuɓi takwarorinsa na wasu ƙasashe, kuma daga bayanan da aka tara Todd ya lura cewa fari yakan afka wa Indiya da Ostireliya lokaci guda. A yau masana suna danganta hakan da El Niño, wato ɗumamar ruwan tekun Pasifik da ke dagula yanayin ruwan sama.