Hangen Dala da Tabarau a Fuska

Wani saurayi daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Auyo ya aiko da tambayar da na fi jin daɗinta a wannan makon. Ya ce ɗan baffansa da ke karatun labarin ƙasa a jami'a ya zo hutu da wani ƙaton tabarau mai maɗauri, wanda in ka ɗaura a fuska sai ka tsinci kanka a sama, kana shawagi bisa kwarin kogin Haɗeja, ka juya kai ka ga fadamu, ka sunkuya ka ga rufin kwanon gidaje. Shi kuma ya kai wa kakansa ya ce, "Kaka, yau gani ya kori ji." Tsohon ya ɗaura, ya juya hagu, ya juya dama, ya kwance, ya miƙa masa ya ce, "Hangen Dala ba shiga birni ba." Yana son in raba musu gardama.

Ɗana, kakanka ya kayar da kai, kuma da kalma guda ya yi kayen. Bahaushe bai tara aikin ido a buhu ɗaya ba. Akwai gani, akwai kallo, akwai duba, akwai leƙe, akwai hange. Kallo na mai nishaɗi ne, shi ya sa ake kallon dambe. Duba na mai neman wani abu ne a cikin abu, kamar malami da littafi ko likita da majiyyaci. Leƙe na wanda ke bayan danga ne. Hange kuwa sai da tazara: abin yana can, kai kana nan, ƙafarka ba ta taka ba. Fataken da suka nufo Kano a zamanin da sukan hango dutsen Dala tun suna nesa da ganuwa, ga gajiya, ga jakuna da kaya, kuma mai yiwuwa rana ta faɗi a rufe ƙofa su kwana a waje. Daga nan karin maganar ta fito.

Abin da tabarau ɗin yake yi shi ne ya ɗauki hange ya sa masa rigar gani. A cikinsa kowane ido yana da hotonsa, biyun sun ɗan saɓa da juna kamar yadda idanunka biyu suka saɓa, sai ƙwaƙwalwa ta haɗa su ta ga zurfi. Akwai kuma na'urar da ke bin motsin kanka, in ka waiwaya hoton ya waiwaya da kai. Ƙasar da ka gani kuwa an ɗinka ta ne daga hotunan tauraron ɗan'adam ko na jirgi maras matuƙi, aka shimfiɗa su a kan ma'aunin tudu da kwari. Taurarin Landsat na Amurka suna ɗaukar hoton duniya tun 1972, kuma ɗigo ɗaya a hotonsu na yau mita 30 ne tsawo da faɗi. Sentinel-2 na Turai ya fi kaifin ido, ɗigonsa mita 10, yana kuma komowa kan wuri kusan duk kwana biyar. To ka lissafa: rumbun kakanka da turken akuyarsa da inuwar darbejiyar ƙofar gida duk za su iya nutsewa cikin ɗigo guda. Hotunan Google Earth sun fi waɗannan fitar da abu, amma sau da yawa tsofaffi ne, kana iya kallon rani alhali a waje damina ce.

Ga inda harshe ya fi hoto. Tsohon da ya kwance tabarau yana da suna ga kowace irin ƙasa a yankinsa. Jigawa ita ce tudun rairayi mai sauƙin huɗa, ta gero da gyaɗa da riɗi, jam'inta jigayi, kuma sunanta jihar ta ɗauka da aka cire ta daga Kano a 1991. Fadama ita ce ƙasar da ruwa ke kwanciya ya bar danshi, ta shinkafa da alkama da albasa. Fako shi ne wurin da ya bushe ya taurare, fartanya ta sara ta yi tsalle. Kowane suna a cikin waɗannan umarni ne ga manomi: shuka kaza, kar ka shuka kaza. Daga sama kuwa kore kore ne. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kwarin ta canza, ciyawar ruwan nan kachalla ta samu wuri ta toshe magudanai. Wanda ya ga wannan koren a tabarau zai iya cewa albarka ce, mai kwalekwale ya san annoba ce. Su kansu masu haɗa taswirar sukan sauko su taka ƙasa su tabbatar da abin da hoton ya nuna kafin su sa masa suna.

Sai dai kar ka koma gida da kunya. A ambaliyar 2022, ba wani mai ƙafa ko mai kwalekwale da zai iya sanin iyakar inda ruwa ya kai daga Ringim zuwa Auyo zuwa Haɗeja a yini ɗaya. Mai hange ne ya sani. Da ka ce wa tsohon "kallo ya koma sama," da ina jin murmushi kawai zai yi.

Wata malamar firamare daga wajen Kazaure ta tambayi asalin kalmar taswira, da dalilin da ya sa kullum arewa ke sama. Malama, aro ce daga Larabci, daga tushen da ya ba mu sura mai ma'anar siffa, kamar a ce mutum yana da kyakkyawar sura. Kada ɗalibanki su haɗa ta da surar Alƙur'ani, ta Alƙur'ani da sinun ake rubuta ta, mai ma'anar siffa da sadi. Jam'inta taswirori. Batun arewa kuma al'ada ce kurum. Taswirar duniya da masanin labarin ƙasa al-Idrisi ya yi wa Sarki Roja na Sisili a 1154 kudu ce a samanta. Bahaushen karkara ma da gabas yake fara lissafi, don can yake fuskanta sau biyar a rana. Sai arewa ta zama hagunsa, kudu damansa. Ki shimfiɗa taswirar a tabarma, ki juya ta har gabas ɗinta ya dubi alƙiblar masallaci, za ki ga yara sun gane nan take.

Ta uku daga wani magidanci ce a ƙasar Ɓagwai. Za a raba musu gado, wani yaro ya zo da waya ya zagaya gonar ya faɗi girmanta a kadada, sai wata gwaggonsu ta ce, "Malaman taki sun dawo." Ya ɗauka takin zamani take nufi, abin ya ɗaure masa kai.

Alhaji, takin ƙafa take nufi, daga taka. A farkon mulkin Turawa, a ƙasar Kano, an riƙa tura ma'aikatan En'e su auna gonaki da taku, su ƙirga tsawo da faɗi, a yanka wa mai gona haraji gwargwadon abin da aka rubuta. Su ake kira malaman taki, kuma ba a yi kewarsu ba. Gwaggo ta ji labarin wurin iyayenta, shi ya sa duk mai zagaya gona yana rubutu take masa kallon mai kawo haraji. Yaron nan shi ma taku ya yi, sai dai taurarin ɗan'adam na GPS, masu nuna wa waya inda take, su ke masa ƙirga daga nisan kilomita kusan dubu 20, kuma wayar tana buƙatar jin aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta san inda take. Wayar hannu ta yau da kullum takan yi kuskuren 'yan mitoci. A faɗin gona ba komai ba ne, amma a bakin iyaka kunya biyu ce ko uku, kuma a kan kunya ɗaya na ga 'yan uwa sun daina gaisawa.

Ni a gonar gidanmu, da aka zo irin wannan awon, wayar ta jefa tsamiyarmu cikin gonar maƙwabci. Dattijon da ke maƙwabtaka da mu ya ce, "Ido ba mudu ba, amma ya san kima," ya kama hannun yaron ya kai shi kan layin gambar da ubansa da kakanmu suka dasa, ya tura ƙafa ya tone tushenta. Daga kan gambar aka sake awon.