Ku Tambayi Likita: Ciwon Da Fyaɗe Ke Bari A Zuciya

Wasiƙu uku na zaɓo a wannan makon, kuma na sakaya sunayen masu su kamar yadda suka roƙa.

Tambaya: Likita, ina 'yar shekara 12 wani ɗan'uwan babana ya lalata ni, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Yanzu wata takwas da aurena, amma da maigida ya matso ni sai jikina ya ɗau rawa, numfashina ya sarƙe. A gida an ce aljanu ne, ana ta yi mini ruƙiyya. (Wata baiwar Allah, Gwale)

Amsa: 'Yar'uwa, sannu. Ba ki da laifi ko ƙwayar zarra. Yarinya ce ke, shi kuwa babba ne da ya ci amana.

Abin da kike ji sananne ne a asibiti, muna kiransa PTSD, wato ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Ƙwaƙwalwa tana ajiye abin da ya faru tamkar bai wuce ba. Taɓawa, ko wani ƙamshi, ko ƙarar sakata, sai jiki ya zabura kamar yau ne ranar. Wasu suna fama da munanan mafarkai, wasu da saurin fushi, wasu kuma ciwon mara ko na kai ne ke ta kai su kemis shekara da shekaru. Idan alamun suka wuce wata guda suna hana mutum sakat, ana buƙatar jinya.

Ki riƙe addu'a da azkar ɗinki, ba sa karo da asibiti. Sai dai ki haɗa da ganin ƙwararre a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Na san yadda Kanawa ke jin sunan Dawanau, kuma abin yana damuna, domin tsoron a ce mutum ya haukace ya sa da yawa suna ruɓewa a ɗaki.

Jinyar galibi ta zama ce da tattaunawa, sau ɗaya a mako, kamar zama 8 zuwa 12, wani lokaci fiye. Ba a fara da tono labarin. Za a koya miki yadda za ki daidaita numfashi ki kwantar da jiki idan firgicin ya taso. Bayan nan a bi abin da ya faru sannu a hankali, gwargwadon yadda za ki iya, har ya daina fizgar ki. A nan ake warware tunani irin su “ni na jawo” da “na zama ƙazama”. Idan akwai baƙin ciki mai tsanani, likita kan ƙara da ƙwaya, wadda kan ɗauki makonni kafin a ji aikinta. Ki guji sayen maganin barci da kanki.

Batun maigida kuwa, ke ce mai zaɓin lokaci da abin da za ki faɗa. Na ga mazan da suka zama ginshiƙin warkewar matansu bayan an zaunar da su an yi musu bayani.

Tambaya: Jiya ɗana mai shekara 8 ya gaya mini abin da wani mai shago a layinmu ya yi masa shekaranjiya. Babansa ya ce a rufa asiri. (Wata uwa, Kurna)

Amsa: Hajiya, yau za ku tafi asibiti, kada ku kai gobe. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin awa 72, a sha na kwana 28. Akwai cibiyar Waraka a Asibitin Ƙwararru na Murtala Muhammad, wadda aka buɗe domin irin wannan. Za a duba shi, a rubuta shaida, a ba ku shawara. Kayan da ya sa a ranar, in ba a wanke ba, ku tafi da su a haka.

Kada a dake shi, kada a yi ta titsiye shi da tambayoyi. Ki ce masa kin yarda da shi, kuma ya kyauta da ya faɗa. Idan ya koma fitsarin kwance ko ya ƙi zuwa aike, firgici ne, ba iskanci ba. Ki faɗa wa babansa cikin ladabi cewa asirin da za a rufa na mai shagon ne, kuma akwai sauran yara a layin. Ku kai ƙara wurin 'yan sanda.

Tambaya: Wata huɗu ke nan da abin ya same ni. Ban yi ihu ba, ban ko motsa ba. Ƙawata ta ce ai da yardata ke nan. Wani lokaci ji nake gara in mutu. (Wata ɗaliba, Kabuga)

Amsa: Ƙanwata, ƙawarki ta yi kuskure. Idan tsoro ya kai maƙura jiki kan sandare, murya ta ɗauke, ba da zaɓin mutum ba. Wannan yana samun mutane da yawa da aka yi wa fyaɗe, kuma ba yarda ba ce.

Maganarki ta ƙarshe ita ta fi tsaya mini a rai. Ki samu mutum ɗaya da kika amince da shi, ko yaya ko gwaggo, ki faɗa masa yau, ya raka ki sashen gaggawa na asibiti mafi kusa. Ki faɗa wa likita kalmomin nan yadda kika rubuto mini su. A yi miki gwajin ƙanjamau da na ciwon hanta, sannan ki nemi a haɗa ki da mai ba da shawara kafin ki bar asibitin.