Amsar tambayar Hajiya kan giyar absinthe da tazargade

Assalamu alaikum jama'a. Hajiya, na ji tambayarki, wai da gaske ne da ɗan'uwan tazargade Turawa suka yi wata giya da ke haukata mutane har aka hana ta? To, akwai gaskiya a ciki, amma da sauran magana.

Sunanta absinthe. A Suwizalan aka fara yin ta, ƙarshen ƙarni na 18, da wani ganye mai ɗaci dangin tazargade. A 1805 wani ɗan kasuwa mai suna Pernod ya buɗe masana'antarta a garin Pontarlier na Faransa. Sojojin Faransa da ke yaƙi a Aljeriya wajen 1840 aka riƙa ba su ita don zazzaɓi, suka koma gida da ita a baki. Kore ce shar, har suna ce mata koriyar aljana.

Sai wani ƙwaro ya cinye gonakin inabin Faransa, giyar inabi ta yi tsada, talaka ya koma absinthe. Da gonaki suka farfaɗo, masu inabi suna son kasuwarsu ta dawo, sai suka shiga sahun masu kiran a hana ta. Wani likita, Magnan, ya gwada man ganyen zalla a kan dabbobi, suka kama jijjiga kamar masu farfaɗiya, aka ce ai ga hujja.

Abin da ke ci min rai shi ne na 1905. Wani manomi a Suwizalan, Jean Lanfray, ya harbe matarsa mai juna biyu da 'ya'yansa mata biyu. Innalillahi. Ranar ya yini yana ɗirkar giyar inabi da barasa, absinthe kofi biyu kacal ya sha, amma ita kaɗai aka ɗora wa laifin. Suwizalan ta hana ta a 1910, Amurka 1912, Faransa 1915, sauran giya kuma aka ci gaba da sayarwa.

A 2008 masana suka auna tsofaffin kwalabe, suka ga sinadarin da ake zargi, tujon, kaɗan ne. Ashe ƙarfin barasar da ke cikinta ne matsalar, yakan kai kashi 70 cikin 100. Suwizalan ta ɗage haramcin tun 2005.

Sai dai Hajiya, man ganyen nan zalla guba ne, don Allah kada wani ya sha shi da sunan magani.